Khal Tuffa Da Rage Ƙiba: Tsohon Zance A Sabuwar Kwalba

Mai karatu, da wuya a ce ba ka taɓa jin ana cewa khal tuffa na narkar da kitse ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan zance ya haura shekara 200 yana zagaya duniya, kowane zamani da irin rigar da yake sa masa.

Bari mu faro daga Ingila. Shahararren marubucin waƙoƙin nan Lord Byron, wanda ya rayu daga 1788 zuwa 1824, mutum ne mai tsananin tsoron ƙiba. A 1806 nauyinsa ya kai wajen kilo 88, amma zuwa 1811 ya zubar da fiye da kilo 20. An san shi da shan khal da cin dankalin da aka jiƙa a ciki, sai dai masu ba da labarin kan manta cewa horon yunwa ya riƙa yi wa kansa, yana wuni a kan biskit da ruwa.

A Faransa kuwa, Brillat-Savarin ya fitar da littafinsa kan abinci a 1825. A ciki ya ba da labarin wata budurwa a garin Dijon da ƙawayenta suka yi wa gorin ƙiba, ta shiga shan kofin khal kullum da safe. Ta rame ƙwarai, daga nan ba ta sake tashi ba, ta rasu tana da shekara 18.

Shi khal na tuffa takamaimai, wani likitan jihar Vermont ta Amurka mai suna D.C. Jarvis ne ya fito da sunansa. Littafinsa Folk Medicine na 1958 ya yi kasuwa sosai, inda ya ɗauki khal da zuma a matsayin maganin cututtuka barkatai, alhali hujjarsa ba ta wuce abin da ya lura da shi wajen manoma da shanunsu ba.

To, me bincike ya gano? A 2009 masu bincike na kamfanin Mizkan na Japan, wanda shi kansa khal yake sayarwa, sun gwada shi a kan masu ƙiba na tsawon mako 12. Abin da suka rage bai wuce kilo 1 zuwa 2 ba, kuma mako 4 da daina sha nauyin ya dawo. A 2024 wani bincike daga Labanon ya ce matasa sun zubar da kilo 6 zuwa 8, jaridun duniya suka yi ta yayatawa. A watan Satumba na 2025 mujallar da ta buga shi ta janye shi, saboda alƙalumansa sun kasa tsayuwa da aka sake duba su. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

Khal mahaɗin abinci ne mai kyau, ba wanda ya hana a zuba a kwaɗo ko salak. Amma tsaminsa na cin haƙori, yana kuma ƙona maƙogwaro idan aka sha shi zallarsa, ga shi yana iya tayar wa mai gyambon ciki da ciwo. Don haka 'yar'uwa, kafin ki bi sahun masu kurɓa da sassafe, ki tuna da budurwar Dijon, ki kuma nemi shawarar likita.