ZARE: Asbin da Tenere, hamadar da ke cikin tarihin Kabi

1/ Shekaranjiya wani abokina ya miƙo min waya a ɗakin kwana. Bidiyon wasu Turawa ne, jakunkuna a baya, suna hawan duwatsu a wata hamadar Amurka. Ya ce, "Kai dai duba, mu ba mu da irin wagga ƙasa." Na ce muna da ita, har kakanninmu sun yi yaƙi a kanta. Ya yi min dariya. To ga zare, ku biyo ni sannu.

2/ Ku buɗe taswira. Daga Argungu, Agadas ta fi Legas kusa. Hanyar ita ce Sakkwato, Illela, Ƙonni, Tawa, Abalak, sai Agadas. Arewa maso gabas da garin akwai gandun da Nijar ta killace a 1988, na Asbin da Tenere. Faɗinsa murabba'in kilomita 77,360. Jihar Kabi sau biyu ke nan har da ɗoriya. A 1991 UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya.

3/ Yammacinsa duwatsu ne, su ne Asbin, Buzaye na ce musu Ayar. Dutse mafi tsawo a Nijar yana cikin jerinsu, mita 2,022. Gabas kuma rairayi zalla, Tenere. A Temet akwai tudun yashi mai kusan mita 300. A Balma, can ƙetaren rairayin, ruwan shekara guda bai kai milimita 20 ba. Abin da kan sauka a Gulma dare ɗaya cikin Agusta ya fi shi.

4/ Amma tsakiyar duwatsun akwai Timiya, garin lambu: lemu, rumman, dabino, har da ruwa mai zubowa daga kan dutse. Irin wurin da abokina ke ganin sai Amurka.

5/ To mi ya haɗa Kabi da wanga wuri? Wajen 1515 Askiya Muhammadu na Songhai ya ɗaura yaƙi ya nufi Agadas. Cikin waɗanda suka raka shi akwai wani jarumi daga Leka, Kanta Kotal. Eh, Kantanmu dai. Anka ci Agadas, anka juyo da ganima.

6/ A rabon ganimar aka ɓata. Kanta ya nemi kasonsa, babban hafsan Askiya mai sarautar Dendi-fari ya hana shi. Kanta da mutanensa suka yi bore, aka gwabza, suka yi nasara. Askiya ya sake aiko runduna a shekarar da ta biyo, ba ta yi komai ba. Daga nan Kabi ta tsaya da ƙafarta. Wato rigimar da ta haifi daular Kabi, a kan dukiyar Agadas aka yi ta.

7/ Wannan ba hirar dandali ba ce. Yana cikin Tarikhus Sudan na Abdurrahman Assa'adi, malamin Tumbutu na ƙarni na 17. Abin da ke burge ni, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shiga Agadas a Oktoban 1850, kuma a Gwandu ya samu littafin a 1853 ya kwafi sassansa. Nan bayan gidanmu. Ta hannunsa Turai ta fara sanin abin da ke ciki.

8/ Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma, a Infaƙul Maisuri, ya lissafa Asbin cikin ƙasashen da ikon Kanta ya kai. Kuma kun san tarihin Gobirawa na cewa can suka zauna kafin su gangaro kudu. Yau ka shiga kasuwar Agadas, da Hausa za ka yi ciniki.

9/ Sai dai kada mu cika baki, reshe ya juya da mujiya daga baya. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Almubarak, ya ci rundunar Kabi ya ƙwace Adar, ƙasar da ke kewayen Tawa. Zuriyarsa ce ta riƙe sarautar Adar a Illela ta Nijar (ba tamu ta bakin iyaka ba fa, garuruwa biyu ne). Bayan wannan kaye Kabi ba ta koma yadda take ba. Farkon ƙarni na 18 aka bar Surame aka koma Birnin Kabi.

10/ Wannan ɓangaren ba a cika faɗinsa a wajen biki ba. Makaɗa kan tsaya a nasarorin Kanta, ba na kuma ganin laifinsu, aikinsu ke nan. Amma ɗalibin tarihi dole ya karanta har shafin da bai yi masa daɗi ba.

11/ Mu bar sarakuna mu zo ga masu tafiyar ƙasa na gaske. Duk shekara bayan damina ayarin Buzaye kan tashi daga Asbin ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Balma, tafiyar kusan kilomita 600. A da raƙuma dubbai ke fita a tare. Babu ciyawa a hanya, kowane raƙumi da harawarsa a baya, har ana ajiye wata a hanya saboda dawowa.

12/ Mafi yawan tafiyar a ƙasa ake yinta, ana jan akala tun safe har dare ya raba. Ba a tsayawa girki da rana, gari da cuku da dabino ake damawa a sha ana tafe. Jagoran ayarin kuwa, ko a bakin Buzaye, madugu ne sunansa. Gero suke kaiwa, su ɗauko dabino da gishiri. Kantun gishirin da Fulani ke saya wa shanu a kasuwanninmu, asalin hanyarsa ke nan.

13/ Don haka in an ce tattaki cikin hamada al'adar Turawa ce, ni dai ban yarda ba. Bambancin, su don nishaɗi suke yi suna ɗaukar hoto, waɗannan kuwa abincin gidansu ne.

14/ A kan wannan hanya akwai wata itaciya guda ɗaya tak, dangin bagaruwa da farar ƙaya. Sai ka yi tafiyar kwanaki ko ta ina ba ka ga wata ba. Har a taswira an sa ta. Da aka haƙa rijiya kusa da ita wajen 1938, aka tarar saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa.

15/ Ayari nawa suka kwana a gindinta, ba wanda ya sari reshe don dafa shayi, ba wanda ya bar raƙumi ya ci ganyenta. Sai a 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. Duk faɗin hamadar nan, wallahi, itaciya ɗaya, ita ya samu. Gawarta na gidan tarihi na Yamai, a gurbinta an kafa ta ƙarfe.

16/ Yanzu ga abin da ya sa na rubuta zaren nan tun farko. Ku natsu, musamman 'yan Kabawa.

17/ A 2000 wani masani daga Jami'ar Chicago, Paul Sereno, yana neman ƙasusuwan dabbobin dauri a gefen Tenere, kudu da iyakar gandun. Tawagarsa ta yi kiciɓis da wani abu daban a wurin da ake kira Gobero: ƙasusuwan mutane a fili, iska ta yaye musu yashi. Kaburbura kusan 200. Maƙabarta ce ta zamanin da ba a san ƙarfe ba.

18/ Ku ji abin da aka tono tare da su. Ƙugiyoyin kamun kifi na ƙashi. Masu na sukar kifi, su ma na ƙashi. Ƙasusuwan kada, dorina, kunkuru, tarwaɗa. Da giwan ruwa, manya, wasu tsawonsu ya kusa mita 2.

19/ Giwan ruwa fa. Kifin da ake rububinsa da homa da gora a Matan Fada, wanda in ka ciro babba a bikin Argungu sai a ba ka mota. Shi mutanen Gobero ke kamawa shekara dubbai da suka wuce, a wurin da yau in mota ta lalace maka ƙishirwa ce ajalinka. Ranar da na fara karanta wannan sai da na aje wayar na yi shiru.

20/ Ban ce kakannin Kabawa ba ne, kada wani ya ɗauki hoton wannan ya je ya ce na faɗa. Abin da na ce, masunta ne a bakin tafki, rayuwarsu irin tamu ce ta fadamar Rima.

21/ Al'umma biyu suka zauna a wurin. Na farko dogaye ne ƙarfafa, daga kimanin shekara 10,000 zuwa 8,000 da suka wuce. Sai fari na kusan shekara 1,000 ya ƙafar da tafkin, suka watse. Ruwa ya dawo, wasu mutanen daban suka zo, sirara, sun san shanu. Suka zauna har wajen shekara 4,500 da suka wuce. Daga nan ruwan ya tafi bai sake dawowa ba.

22/ A cikin na biyun ne aka samu kabarin wata mace da yara biyu, ɗaya ɗan shekara 5, ɗaya 8, an kwantar da su suna fuskantar juna, hannuwa a sarƙe. Binciken ƙasar kabarin ya nuna a kan furanni aka shimfiɗe su. Akwai kuma wata yarinya da awarwaron hauren dorina a damtsenta.

23/ Mi ya kawo ruwan, mi ya ɗauke shi? Yadda duniya ke karkata tana zagaya rana yana ɗan sauyawa cikin dubban shekaru. A wancan zamani zafin bazara ya fi ƙarfi a arewacin Afirka, sai ya riƙa jawo iskar damina daga teku har can cikin Sahara. Tafkin Chadi ya kai girman wani ƙaramin teku. Da karkatar ta sauya, damina ta ja da baya zuwa kudu.

24/ Sawun wancan ruwa na nan kusa da mu. Dallol Mauri, kwarin da ya bi ta Dogon Dutsi, yamma da Kangiwa, mataccen kogi ne. Haka Dallol Boso, wanda ruwansa daga wajen Asbin yake gangarowa zuwa Kwara. A Dabus kuma, arewa da Agadas, wani ya sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse, babban ya fi mita 5. Abin da ya gani da idonsa ya zana.

25/ Yau gandun yana cikin wani hali. Shekara ɗaya bayan UNESCO ta karrama shi, a 1992, ta sa shi cikin wuraren da ke cikin haɗari saboda tawayen Buzaye, har an yi garkuwa da ma'aikatansa. Sama da shekara 30 bai fita daga jerin ba. Jiminun Asbin an harbe su kusan kaf a wancan rikici.

26/ Akwai wata farar dabba mai murɗaɗɗen ƙaho, adaks, da kan yi watanni ba ta sha ruwa ba. Saboda ita aka ware tsakiyar gandun aka hana shiga. A 2016 aka yi ƙidaya ta sama da ta ƙasa a yankin Termit, mafakarta ta ƙarshe. Uku aka gani.

27/ Mu kuma 'yan zamaninmu, in an ambaci Agadas, hanyar Libiya da Aljeriya ke faɗo mana, ko haƙar zinarin Jado da ya ɓarke a 2014. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 arewa da Arlit, yawanci mata da yara, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Akasarinsu daga kudancin Damagaram suka fito, masu magana da harshen da nake rubutu da shi yanzu. Allah ya jiƙansu.

28/ Saboda haka ba na ce kowa ya ɗauki jaka ya nufi Tenere ba. Hanyar ba ta da tsaro yanzu, kuma ko a lokacin lafiya ba a shigarta sai da ɗan gari da ya san rijiyoyi.

29/ Ni da abokin nan nawa dai mun yi magana, in an gama jarabawa kuma sanyi ya shigo, Surame za mu fara takawa. Tana ƙaramar hukumar Binji a jihar Sakkwato, birnin da Kanta ya gina bayan dawowarsa daga Agadas. Ganuwar duwatsu ce, kewayenta tafiya ce sosai. Tun 1964 take cikin wuraren tarihi na ƙasa, tun 2007 kuma tana jerin jiran UNESCO.

30/ Za mu fara biyawa ta Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, ina son ya ga kayan su na dauri kafin mu kama hanya. Sai mu nemi izinin masu gari da ɗan rakiya. Mai son zuwa ya tanadi takalmi mai kauri da ruwa isasshe, ya bar silifas a gida, ƙarangiya ba ta san ɗan jami'a ba.