Asubar da dusar ƙanƙara ta binne bariki guda

Ina wannan shiri ne daga cikin birnin Zariya, hunturu ya kankama, masu shayi a Ƙofar Doka sai ciniki suke. Wannan sanyi da muke kuka da shi ne ya tuno mini da wani labari na Yaƙin Duniya na Ɗaya.

A Disambar 1916, sojojin Italiya da na daular Ostiriya-Hangari suna fafatawa a kan tsaunukan Dolomites, a arewacin Italiya ta yau. 'Yan Ostiriya sun gina bariki a Gran Poz, a jikin tsaunin Marmolada, inda dutse ya kare su daga igwar abokan gaba. Sai dai samansu gangare ne, dusar ƙanƙara kuma ta kwashe kwanaki tana zuba.

Bari in tsaya nan kaɗan, don mu ba mu san dusar ƙanƙara ba sai a fim. Ba dunƙule ɗaya take ba, hawa-hawa take kwanciya. Wani hawan ya daskare ya yi tauri, wani kuma ya zama gari-gari kamar sukari. Idan sabuwa mai nauyi ta hau kan mai raunin, iska ta ƙara lafto wata, yanayi ya ɗan yi ɗumi, sai na sama ya sulɓe gaba ɗaya. An fi samun haka a gangare mai digiri 30 zuwa 45. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san irinsa: katanga tana tsaye lafiya lau a ido, alhali damina ta gama cinye gindinta. Haka sassan ganuwarmu suka riƙa zubewa.

To, kwamandan barikin, Kyaftin Rudolf Schmid, ya hango hatsarin. Ya nemi izinin kwashe mutanensa, manya suka hana. Wallahi nan ne ya fi ci mini rai, don masu hanawar ba a ƙarƙashin gangaren suke kwana ba.

Da asubar 13 ga Disamba, tsaunin ya saki. Zaftarewar ta rufe barikin, sojoji kusan 270 suka mutu, da yawansu ba a ma samu gawarsu ba. A kwanakin nan an yi ta samun irin wannan a sauran fagen dagar, dubbai suka salwanta daga ɓangarorin biyu.

Turawa na kiran ranar Farar Juma'a. Na duba kalandar 1916, ashe Laraba ce.