Sojan Dalma Ba Ya Zubar da Jini

A gidajen gwanjo na Landan da New York, akan ga dattawa masu furfura suna ja-in-ja a kan ɗan jan kwali wanda bai kai tsawon kamu biyu ba. Idan aka buɗe shi, sojoji takwas ne a jere, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba, an zuba su da dalma, an shafe su da fenti mai sheƙi. A zamanin da aka ƙera su, sule ɗaya ake sayar da kwalin don a kai wa yaro tsaraba. Yau manya ne ke zuba kuɗi su saya, su kulle a kabad ɗin gilashi. Ya dace mu tambaya: mene ne ainihin abin da suke adanawa?

Sassaƙa ƙananan mayaƙa tsohuwar al'ada ce. A kabarin wani hakimi mai suna Mesehti a Asyut ta ƙasar Masar, an tono sojojin katako masu shekara kusan 4,000: mashaka 40 na Masar da maharba 40 na Nubiya. Sai dai waɗannan rakiyar mamaci aka yi su dominta. Sojan wasa na kasuwa a Jamus ya bunƙasa. Tun ƙarni na 18 maƙeran Nuremberg ke zuba sojojin kuza falle-falle kamar kwabo, daga baya kamfanin Heyde na Dresden ya fito da masu cikakken jiki. Har ƙarshen ƙarni na 19, yaron Ingila da sojan Jamus yake wasa.

A 1893 labari ya sauya. William Britain ƙarami, ɗan wani mai ƙera kayan wasa a arewacin Landan, ya fito da dabarar zubi mai rami a ciki. Ana kwarara narkakkiyar dalma a mazubi, da zarar ta jikin bango ta daskare sai a juye sauran waje kafin tsakiya ta kama. Soja ya fito da ɓawo kawai, ba nauyi, ba cin ƙarfe, don haka ya yi araha fiye da na Jamus. Kamfanin Britains ya tsayar da tsawo a milimita 54, ma'aunin da sauran maƙera suka bi. Mata ne mafi yawa ke yin fentin da hannu: jar riga, baƙin takalmi, ɗigon ido, ɗan ja a kumatu. Wannan sheƙi shi ne abin da masu tarawa ke nema har gobe.

Kasuwar ta tashi ne daidai lokacin da daular Ingila ke kan ganiyarta, kuma kwalayen sun bi sawun yaƙe-yaƙenta. Akwai dakarun sarauniya, akwai mahayan Indiya, akwai rundunar raƙuma ta Masar, akwai mayaƙan Zulu da aka yi don yaro ya sami abokan gaba. Winston Churchill ya rubuta cewa yana yaro ya mallaki kusan sojoji 1,500, kuma ranar da mahaifinsa ya zo ya duba yadda ya jera su ne ya tambaye shi ko yana son shiga soja. A ranar 2 ga Satumba 1898, wannan yaron, ya zama matashin hafsa, yana cikin mahayan da suka yi sukuwa a Omdurman ta Sudan. Kimanin mutum 10,000 na rundunar Mahadi suka kwanta dama a wannan rana, a ɓangaren Ingila da Masar kuwa ba a kai 50 ba. Ba da jimawa ba, siffar mahayan nan ta isa shagunan Landan cikin kwali, doki na ƙyalli, mashi a miƙe, babu gawa ko ɗaya.

A nan ne mu, jikokin waɗanda irin wannan bindiga ta riska a Kano da Sakkwato a 1903, muke kallon kwalin da wani ido dabam. Fentin ya nuna wa yaro tufafi da fareti, ya ɓoye masa ƙura da jini. Marubuci H. G. Wells, wanda ya wallafa dokokin wasan yaƙi da waɗannan sojoji a 1913, ya yi fatan wasan zai kashe wa manya ƙishirwar yaƙin gaske. Shekara ɗaya bayan haka, yaran da suka girma da sojan dalma suka shiga ramukan Faransa.

Abin da ya kashe sana'ar shi ne roba da kuma gubar dalma. A 1966 Britains ya daina zubin da ya yi suna da shi. Daga ranar da aka rufe wannan babi, kayan wasa suka zama kayan tarihi. Attajirin Amurka Malcolm Forbes har gidan tarihi ya buɗe musu a Tanja ta Maroko, kafin a yi gwanjonsu a 1997.

Masu tarawa suna da ƙa'ida mai ban sha'awa: sojan da fentinsa na asali ya goge ya fi wanda aka sake shafawa daraja nesa ba kusa ba, kuma kwalin asali na iya ninka farashi. Suna tsoron danshi, domin yana sa dalma ta ruɓe ta koma farin gari. Wannan ƙa'ida tasu ta yi wa tarihi hidima. Kowane kwalin da ba a taɓa ba shaida ne na yadda wata daula ta so 'ya'yanta su ga yaƙi, da kuma yadda ta so su gan mu. Saboda haka muna fatan a ci gaba da adana su, a kuma rubuta sunan Omdurman da adadin mamatanta a jikin gilashin.