Ishaya Sura Ta 18 A Bakin Kogin Nilu

Tun zamanin kakanni Hausawa sun san Hartum da Umdurman, gama zango ne a kan hanyar gabas. Alhazai sukan bi ta can da ƙafa, waɗansu guzuri ya ƙare musu suka zauna, zuriyarsu kuwa tana nan har wa yau. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a waɗannan birane biyu, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu, akwai ikkilisiyar da ta yi shekaru tana kokawa da sura guda ta Littafi Mai Tsarki, wato Ishaya 18, tana tambaya ko da ita annabin yake.

Surar gajeriya ce, aya bakwai kaɗai. Tana magana a kan ƙasar Kush wadda koguna suka rarratsa, mai aika jakadu cikin jiragen iwa, mutanenta dogaye masu sulɓin fata, ana tsoronsu kusa da nesa. An ce za a kafa tuta a kan duwatsu, a busa ƙaho. Ubangiji kuwa zai yi shiru yana dubawa daga mazauninsa. Kafin girbi za a datse rassa, a bar gawawwaki ga tsuntsaye da namomin jeji. A ƙarshe mutanen nan za su kawo wa Ubangiji kyauta a Dutsen Sihiyona.

A kwanakin Ishaya, sarakunan Kush ne suke mulkin Masar. Ɗaya daga cikinsu, Tirhaka, an ambaci sunansa a Ishaya 37 da 2 Sarakuna 19. Assuriya tana cinye ƙasashe ɗaya bayan ɗaya, har Sennakerib ya kawo wa Yahuza yaƙi a shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu. Masana da yawa suna ganin jakadun nan sun zo Urushalima ne domin neman ƙawance gāba da Assuriya, annabin kuwa ya sallame su, domin ceton Yahuza ba zai fito daga ƙulla yarjejeniya ba.

Bishara ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. A shekara ta 580 Bishof Longinus ya yi wa sarkin Alwa baftisma, babban birninsa Soba kuwa yana dab da inda Hartum take a yau. Mulkin nan na Kirista ya kai wajen shekara ta 1500 kafin ya faɗi. Da Mahadi ya ci Hartum a 1885, aka tilasta wa Kiristan da suka ragu su musulunta, unguwarsu a Umdurman har yau Masalma ake ce da ita. Bayan yaƙin Karari na 1898 'yan mishan suka shigo, Llewellyn Gwynne na C.M.S. ya iso a 1899, amma Turawan mulki suka hana su yi wa Musulmi wa'azi. Saboda haka ikkilisiya ta yi jijiya a kudu, a Hartum kuwa ta daɗe tana zaman baƙunta.

Abubuwa biyu suka sāke wannan hali. Na fari aikin fassara ne. A 1976 aka buga juyin Ingilishi mai sauƙi da ake kira Good News Bible, inda masu fassara suka rubuta "Sudan" a wurin Kush, kan maganar surar ma ya ce Allah zai hukunta Sudan. Na biyu yaƙi ne. A 1983 Shugaba Numairi ya kafa dokokin shari'a a ƙasar duka, yaƙin kudu kuma ya sāke tashi a shekarar. Dinka da Nuwer da Shilluk da mutanen duwatsun Nuba suka yi ta tururuwa zuwa babban birni, har 'yan gudun hijira suka kai kusan miliyan biyu. Daga 1991 hukuma ta riƙa kwashe su da manyan motoci zuwa sansani a cikin hamada, irin su Jabal Awliya da Darus Salam a yammacin Umdurman. A can suka gina ɗakunan sujada da laka da buhuna, sau da dama aka kawo katafila aka rushe, suka sāke ginawa.

Mai karatu ya dubi mutumin Dinka, dogo, wanda ya baro ƙasar koguna da fadamun iwa, ya ga ungulaye a kan gawar 'yan'uwansa, yanzu an buɗe masa Littafi ya tarar da sunan ƙasarsa a rubuce. Ba abin mamaki ba ne da ya ce da shi ake. Waɗansu suka ɗauki yaƙin horo ne saboda an daɗe ana ƙin bishara, suka ƙone kayan tsafinsu. A 1992 masu bi na yankin Bor suka gina babbar majami'a suka sa mata suna Sihiyona saboda wannan sura. Fassarar nan ta haifi tuba ta gaske, ta kuma cika majami'u. Amma tana da nauyi, gama gwauruwar da jirgin sama ya kashe wa 'ya'ya takan koma gida da tunanin laifinta ne.

Waɗansu kuma suka kama maganar tuta. Da aka yi sulhu a 2005, aka kuma ɗaga tutar Sudan ta Kudu a Juba ran 9 ga Yuli 2011, masu wa'azi da dama suka ce annabcin ya cika. Ba a yi shekara uku ba, a Disamba 2013, Dinka da Nuwer, masu karanta sura ɗaya, suka juya wa juna bindiga.

A nan ne tarihi yake gyara wa mai wa'azi zama. Cibiyar Kush tana arewa ne. Merowe ta dā, inda sarauniyoyin da ake kira Kandakatu suka yi mulki, inda kuma baban nan na Ayyukan Manzanni 8 ya fito, tana wajen kilomita 200 arewa da Hartum, Nafata ta Tirhaka ma ta fi nisa. Jikokin waɗannan mutane galibinsu Musulmi ne a yau. In alkawarin aya ta bakwai na Kush ne, to, ya haɗa da maƙwabcin da aka ɗauka magabci. Iyakar 2011 ba ta cikin surar. Masu juyin Good News ma sun cire "Sudan" a bugun baya suka sa "Habasha", wadda ita ma takan ɓad da mutum. Kiristan ƙasar Hausa sun san yadda suna yake yawo, gama Sudan ɗin da ke cikin sunan S.I.M. da S.U.M. da Ekklesiyar Kristi a Sudan ta dā, ai arewacin Nijeriya ma tana ciki.

Ayar da aka fi tsallakewa ita ce ta huɗu, inda Ubangiji ya yi shiru yana dubawa, ga shi kuwa ita ce ta fi dacewa da waɗanda suka ragu a arewa. Bayan rabuwa 'yan kudu suka rasa takardar zama 'yan ƙasa, da yawa suka tafi, aka bar Nuba da Kibɗawa da tsirarun masu bi ba tuta ba ƙaho. A Afrilu 2012 gungun mutane suka ƙone harabar ikkilisiyar Presbyterian a Jiref, cikin Hartum. Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin soja da rundunar R.S.F. a tsakiyar birnin, a wannan karo ba a bambanta Musulmi da Kirista wajen gudu ba. A watan Mayu 'yan bindiga suka shiga majami'ar Mar Girgis ta unguwar Masalma suka yi wa masu sujada rauni. Mayaƙa suka mamaye babbar majami'ar Angilikan ta Hartum, Akbishof Ezekiel Kondo ya koma Port Sudan da zama. Sai a Maris 2025 soja suka karɓe Hartum, mutane suka soma komowa suna duba abin da ya ragu na gidajensu da masallatansu da majami'unsu.