Korar Ma'aikata A Zamanin Murtala

Jama'a, duk sanda na ji ana yabon marigayi Janar Murtala, nakan tuna korar 1975. Hawansa mulki ke da wuya, ya sallami ma'aikatan gwamnati sama da 10,000, wasu bisa zargin cin hanci, wasu lalaci, wasu tsufa kawai. A ƙa'idar aiki, sai an ba mutum takardar tuhuma ya kare kansa kafin hukunci. Su kuwa da yawansu a rediyo suka ji an kore su. Na yarda akwai ɓarayi a ciki, amma wallahi har da masu gaskiya aka haɗa. Da Buhari ya zo kuma, Doka ta 17 ta 1984 hana kotu sauraron ƙarar korarren ma'aikaci ta yi gaba ɗaya.