Wuta Ɗaya, Ƙuna Biyu: Maza da Mata a Sansanonin Gudun Hijira

'Yan uwa ɗalibai, mu da ke karatu a ƙasashen waje ana yawan tambayarmu: yaya waɗanda Boko Haram ta kora daga gidajensu suke kallon tsattsauran ra'ayi? Amsata ita ce, sai an fara sanin wa ake tambaya, namiji ko mace, domin tarihi bai yi musu ɗauka ɗaya ba.

A 2013 aka buɗe sansanin Minawao a arewacin Kamaru. Da Gwoza da Bama suka faɗi a 2014, sannan Baga a Janairun 2015, jama'a suka kwarara Kamaru da Diffa da Chadi, wasu suka tsaya Maiduguri. Kowa ya tafi da abin da idonsa ya gani.

Namiji ya ga mutuwa. A Buni Yadi, a Fabrairun 2014, ɗalibai maza aka kashe. Wanda ya tsira kuma zargi ya bi shi: a 2015 ƙungiyar Amnesty ta ce fiye da mutum 7,000 sun mutu a tsare a hannun sojojin Nijeriya tun daga 2011. Shi ya sa tsoron namiji ya rabu biyu, gaba kura baya sayaki.

Mace kuwa ta ga sata da auren dole, kamar 'yan matan Chibok 276 da aka kwashe a Afrilun 2014. Wadda ta kuɓuta ta tarar da wata azabar a sansani, inda ake kiran irinta "annoba", ana ƙyamar ɗan da ta goyo. Ga kuma abin da ba ma son ji: wasu matan sun gaya wa mai bincike Hilary Matfess cewa a cikin ƙungiyar ne aka fara damƙa musu sadakinsu a hannu, aka ɗauke musu aikin gona. Wannan ba wanke 'yan ta'adda ba ne, tonon asirin rayuwar da muka bar mata a ciki ne.

A ganina, duk cikinmu mai niyyar rubuta wannan tarihi ko tsara maganinsa, kada ya tsaya a rumfar dattawa. Ya nemi iso, ya shiga cikin gida ya saurari mata. Rabin labarin yana can.