Bayani a kan Asalin Yaƙi da Bambancinsa da Husuma

 

Ka sani ya kai ɗan'uwa, almajirai suna tambaya, shin faɗan maƙwabta a kan iyakar gona, ko na makiyayi da manomi, yaƙi ne? Jawabi shi ne, wannan husuma ce. Husuma tana da alƙali bisa kanta, wanda masu faɗa suka yarda da hukuncinsa. Amma yaƙi shi ne jama'a ta ɗauki makami a kan jama'a, kowace da shugabanta, babu mai hukuncin da suka yarda da shi sai takobi.

Fasali. Shehu Ibn Khaldun, cikin Muƙaddima da ya wallafa a shekara ta 779 Hijira, wato 1377 Miladiyya, ya mayar da asalin yaƙi ga son ɗaukar fansa, tare da asabiyya, wato kowa ya goyi bayan danginsa. Ya kasa shi huɗu: na kishi tsakanin ƙabilu maƙwabta, da na mahara masu cin dukiyar mutane, da jihadi, da yaƙin sarki da masu tawaye. Biyun farko zalunci ne da fitina a wurinsa.

Fasali. Dubi yadda husuma take komawa yaƙi. A zamanin Jahiliyya, wajen shekara ta 494 Miladiyya, Kulaibu shugaban Taglibu yana da hurumi, ba a kiwo cikinsa sai da izninsa. Sai wata taguwa ta shiga, ya harbe ta a hantsa. Taguwar tana cikin amanar wata tsohuwa, sunanta Basusu, 'yar'uwar uwar Jassasu na ƙabilar Bakaru. Ta yi kururuwa, Jassasu ya tashi ya kashe Kulaibu, alhali mijin 'yar'uwarsa ne. Muhalhilu ɗan'uwan Kulaibu ya tashi neman jini. Aka yi shekara 40 ana kashe juna, ga shi Bakaru da Taglibu duk 'ya'yan Wa'ilu ne. Da an biya taguwa tun ranar farko, da magana ta mutu.

Da sunan wannan tsohuwa aka kira yaƙin 'yan'uwa basasa a ƙasarmu. Sa'ad da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. Yusufu ɗan Abdullahi Maje Karofi ya ƙi, ya fita Takai da jama'arsa, su biyun kuwa jikokin Ibrahim Dabo ne. Yusufu ya rasu a 1894, ɗan'uwansa Alu ya ɗauki jagoranci ya ci birni, aka kashe Tukur a 1895. Talakawan da ba su nemi sarauta ba, su aka ƙone wa garuruwa.

To, ka gane husuma ba yaƙi ba ce, amma ita ce irinsa, asabiyya kuwa ruwan da ke tsirar da shi. Alƙalin da ya jinkirta hukunci, da dattijon da ya ji faɗa ya yi shiru, da mai cewa namu ne ko ya yi laifi, duk suna da rabo cikin jinin da zai zuba. Ku gaggauta sulhu tun magana tana tsakanin mutum biyu.

Allah ne mafi sani.